An Yanke Ƙafa, Zugi Bai Daina Ba

Manomin fadama a Malam Madori da aka yanke wa ƙafa, ko sanadin ciwon suga, ko haɗarin babur, ko ɗaurin mai ɗori da ya matse har nama ya ruɓe, yakan dawo gida da kukan da ba kowa ke gaskatawa ba: yatsun da aka riga aka binne suna yi masa zugi cikin dare. Wasu su ce iska ce, wasu su ce raki ne. Ko ɗaya babu. Tun 1871 likita Silas Weir Mitchell ya bayyana wannan ciwo a jikin sojojin yaƙin basasar Amurka, kuma fiye da rabin waɗanda suka rasa gaɓa suna ɗanɗana shi. Jijiyar da aka datse takan yi ƙulli a bakin dungu tana ta aika saƙon zafi, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta share gurbin ƙafar ba.

A ƙwaƙwalwar ne ake neman tarar ciwon da sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu hoton ciki da shi. Majinyaci yana kwance cikin na'urar MRI, idonsa biyu, kansa cikin wata hula mai harba sauti daga wurare sama da 1,000. Duk sai su haɗu a ɗigo guda, kamar yadda gilashi ke tattara hasken rana ya ƙona takarda, su ƙone ɗan gurbin da saƙon zafi ke ratsawa, ba wuƙa ba ɗinki. A 2009 likitocin Zurich suka ba da rahoton gwada shi kan masu ciwon jijiya. A 2016 Amurka ta amince da shi don rawar hannu, amma kan ciwon dungu ana matakin gwaji, kuma abin da aka ƙona ba ya dawowa.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan wanda kuɗin motar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ke gagara da wannan na'ura? Da gaskiyarsa, ba ta kusa da mu. Amma ta nuna ciwon yana da mazauni a jiki, don haka a daina ƙaryata mai shi har ya koma haɗiyar taramol a ɓoye. Likita a Haɗeja na iya rubuta amitriptyline ko gabapentin, ya duba dungun ko akwai ƙulli. Akwai kuma dabarar madubi: majinyaci ya jingina shi tsakanin cinyoyinsa, ya riƙa motsa lafiyayyar ƙafar yana kallonta a ciki kamar ita ce wadda ta tafi. Wasu na samun sauƙi da hakan.