Soson da ke tsotse mai ya bar ruwa

A duk lokacin da ɗanyen mai ya malala a teku, babbar matsalar da ma'aikatan ceto ke fuskanta ita ce yadda za su kwashe man ba tare da sun kwaso ruwa mai yawa tare da shi ba. Wannan ne ya sa masana kimiyya suka mayar da hankali ga wani abu da kusan kowane gida ke da shi, wato soso irin wanda ake yin katifa da kujerun zama da shi.

Bukatar hakan ta fito fili ne a shekarar 2010, lokacin da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a mashigin tekun Meksiko, inda mutane 11 suka rasa rayukansu. Man ya shafe kwanaki 87 yana kwarara, kuma gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa ganga miliyan 4.9 ce ta fita daga rijiyar. Wani ɓangare na man bai taso sama ba, ya tsaya ne a ƙarƙashin ruwa, inda injunan kwasa ba sa iya kai wa gare shi.

Hanyoyin da aka saba bi sun haɗa da killace man da shinge mai yawo a kan ruwa, da ƙona shi, da kuma fesa sinadaran da ke tarwatsa shi. To sai dai ƙonawa na gurɓata iska, su kuma sinadaran ba sa fitar da man daga teku, warwatsa shi kawai suke yi. Akwai kuma ƙyallayen tsotsar mai, amma akasari sau ɗaya ake amfani da su a zubar.

Shi soso na yau da kullum yana da ɗimbin ƙananan ƙofofi da ke iya riƙe abu mai ruwa-ruwa, amma ba ya bambancewa sosai tsakanin mai da ruwa. Dabarar ita ce a sauya yanayin bangon waɗannan ƙofofi, ta yadda mai zai manne musu, ruwa kuma ya zame ya wuce, kamar yadda raɓa ke gangarewa daga kan ganyen gwaza ba tare da ta jiƙa shi ba.

A shekarar 2017, masu bincike a cibiyar kimiyya ta Argonne da ke kusa da birnin Shikago, cikinsu har da Seth Darling da Jeff Elam, sun gabatar da irin wannan soso da suka kira Oleo Sponge. Da farko sukan tura tururin wasu sinadarai cikin soson, wanda ke barin wani siririn rufi mai asali da ƙarfe a jikin ƙofofin. Wannan rufi shi ne ke riƙe shafi na biyu, wanda ke janyo mai. A gwajin ɗakin bincike, soson ya tsotsi man da ya kai ninki 90 na nauyinsa, kuma idan aka matse shi man na fita a tara, a sake mayar da soson ruwa. An gwada shi a wata ƙatuwar tafkin gwaji ta ruwan gishiri mai suna Ohmsett a jihar New Jersey, inda ya kama mai a saman ruwa da kuma ƙarƙashinsa.

Haka kuma a shekarar 2020, wata tawaga a jami'ar Northwestern ƙarƙashin Farfesa Vinayak Dravid ta sanar da nata soson, wanda ake tsomawa cikin wani haɗi mai ɗauke da sinadarin kabon da ƙananan ƙwayoyi masu amsa maganaɗisu. Tawagar ta ce yana ɗaukar man da ya haura ninki 30 na nauyinsa, kuma ana iya matse shi a sake amfani da shi sau da dama.

Sai dai tafkin gwaji daban, teku mai igiyar ruwa da iska daban. Ɗanyen man da ya kwana biyu a rana yakan yi kauri ya cakuɗe da ruwa, abin da ke sa shigarsa ƙofofin soso ya yi wuya. Akwai kuma batun tsadar shafa sinadaran ga soso mai yawan gaske, da yadda za a shimfiɗa shi a kuma janyo shi daga jiragen ruwa.

Ga yankuna irin su Neja Delta a Najeriya, wannan fasaha na iya yin amfani a rafuka da koramu jim kaɗan bayan fashewar bututu. Amma soso ba ya tsabtace man da ya riga ya nutse cikin ƙasa ko ya shiga rijiyoyin sha. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2011 ya nuna cewa farfaɗo da yankin Ogoni kaɗai na iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30.