Siririn Jirgin Ingila da Aikin Tsabtarsa

A shekarar 1761 aka buɗe hanyar ruwan Bridgewater, wadda aka haƙa domin kai kwal daga ma'adinan Worsley zuwa Manchester. Farashin kwal ya faɗi da kusan rabi a birnin, masu jari suka hango riba, sai haƙa ta kankama a faɗin Ingila. Inda ƙasa ta yi tudu, akan gina ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin ko a rage ruwansa, jirgin ya hau ko ya sauka. Injiniya James Brindley, don tsimin ruwa da kuɗi, ya tsayar da faɗin waɗannan ɗakuna a ƙafa 7, tsawonsu kuwa wajen ƙafa 72. Shi ya sa har gobe faɗin siririn jirgi yawanci bai wuce ƙafa 6 da inci 10 ba.

Doki ne yake jan jirgin a da, yana bin gefen ruwa. Da jirgin ƙasa ya ƙwace kasuwa tun daga shekarun 1840, ladan dako ya karye, matuƙa da yawa suka kasa biyan hayar gida, suka kwaso iyalansu zuwa cikin jirgi. Miji da mata da 'ya'ya a ɗan ɗakin da bai wuce mita 3 ba, ga murhu, ga gado, ga tarin kwal a gabansu. Mutanen gari suna yi musu kallon ƙazamai, har majalisa ta kafa doka a 1877 ta sa a riƙa duba jiragen. Amma waɗannan matan su ne suke goge tagullar bututun hayaƙi kullum har ta yi ƙyalli, su dirje igiyoyin ado su yi fari tas, su rataye farantan tangaran da sakar leshi a bango. Tulun ruwansu ma, da ƙotar tsumman goge jirgi, sai an yi musu fenti kala-kala, da zanen furanni da manyan gidaje. Ni dai a ganina mutunci suke karewa da wannan goge-goge, kuma sun cancanci a tuna da su.

Sanyin hunturun 1962 zuwa 1963, da ya daskarar da ruwan makonni, ya kusa kashe sana'ar dako gaba ɗaya. Masu yawon shan iska ne suka gaji jiragen, bayan littafin Narrow Boat na L.T.C. Rolt ya fito a 1944 ya zaburar da mutane. Yau hukumar Canal & River Trust ce ke kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales. Gudu ba ya wuce mil 4 a awa, wato saurin mai tafiya a ƙasa. A Tardebigge sai ka buɗe ɗakin ruwa 30 a jere da ƙarfin hannunka. A gadar Pontcysyllte kuwa jirgi yana ratsa kwarin kogi a sama, tsayin mita 38.

To amma aikin da baƙo ba ya gani shi ne tsabta. Jirgin ƙarfe ne, kuma tsatsa ba ta hutu. Duk shekara biyu ko uku ana fitar da shi tudu, a kankare gansakuka, a shafe jikinsa ta waje da baƙin fenti mai kwalta. Da safe, kafin a tayar da inji, matuƙi yakan buɗe wani ɗan murfi a baya, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin ruwa mai sanyi ƙalau ya laluba farfela: leda, igiya, wani lokaci tsohuwar riga. Sai ya wanke hannu da kyau, domin fitsarin ɓeraye a ruwan yana ɗauke da cutar Weil. A ciki kuma, numfashi da tururin girki suna zama raɓa a tagogi. In ba a goge ba, fumfuna ta kama katako. Tokar murhu ba a barinta a ɗaki, don ko ta yi kamar ta mutu tana fitar da iskar da ke kisa.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan wanke-wanke. Na ban-ɗaki yana da tanki, akwai wuraren zubar da shi a bakin hanya. Amma na wanka da na kwanuka kai tsaye yake faɗawa cikin hanyar ruwan, wadda ba ta gudu balle ta wanke kanta. Omo mai kaifi, da maiƙon tukunya, da baƙin man da ya ɗiga ƙarƙashin inji, duk a nan za su zauna tare da kifi da agwagi. Duk wanda ya samu damar hawa irin wannan jirgi, don Allah ya nemi sabulu marar guba, ya share maiƙon kwano da takarda kafin wanki, kuma kada ya zuƙe ruwan ƙasan inji ya watsa waje sai ya tsane man da ke ciki.