YADDA AKE KUNNA WI-FI A KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA

Abin da muke so mu yi bayani a kai ƙarami ne a ido, amma ya taɓa ba mu wahala ƙwarai, shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta shi domin amfanin kowa.

A zango na biyu, saura kwana biyu a rufe rajistar jarrabawar 'yan aji shida, sai kwamfutar da muke aiki da ita ta ƙi shiga intanet. Muka ce data ce ta ƙare, muka sayi wata. Muka ce sabis ne babu, muka fita da ita har bakin filin ƙwallo. Duk a banza. Washegari ɗaya daga cikinmu ya biya kuɗin mota ya kai ta gari wurin mai gyara. Mutumin ya juya ta, ya sa farce ya tura wani ɗan maɓalli da ke gefenta, nan take ta kama. Ko minti ɗaya bai yi ba, ya kuwa karɓi kuɗin aikinsa. Ashe garin sa ta a jaka ne maɓallin ya goce. Da a ce ranar ƙarshe ce abin ya faru, da yara da yawa sun rasa shekara guda saboda abin da bai kai ƙwayar wake girma ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan ilimi ya zama dole ga ɗalibanmu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB take yin jarrabawarta duka a kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta soma yin haka ga masu zama jarrabawa da kansu. Neman gurbin karatu, da duba sakamako, da aika rahoton ikkilisiya, duk sun koma ta intanet.

MENE NE WI-FI?

Wi-Fi hanya ce ta haɗa kwamfuta da wata na'ura ba tare da igiya ba. A takaice dai rediyo ne. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan kati mai aikawa da karɓar saƙo ta iska, eriyarsa kuwa siraran wayoyi ne da aka bi da su ta cikin murfin, kewaye da gilashin. Wata ƙungiyar injiniyoyi mai hedkwata a Amurka, wadda ake kira IEEE, ita ce ta fitar da ƙa'idar wannan fasaha a 1997, da lamba 802.11. A 1999 aka raɗa mata suna Wi-Fi. Yawancin na'urori suna aiki a kan zango biyu, watau gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Na farkon ya fi zuwa nesa, ya kuma fi ratsa bango. Na biyun ya fi sauri, amma ba ya nisa.

Sai a lura, Wi-Fi dabam, intanet dabam. Mu ɗauki misalin famfon makaranta. Bututu shi ne Wi-Fi, ruwan tanki shi ne intanet. Bututu yana iya zama lafiya ƙalau amma tanki ba ruwa. Haka kuma tanki yana iya cika amma an rufe kan famfo. Wannan bayani namu a kan buɗe kan famfon ne.

Me ya sa masu ƙera kwamfuta suka sa hanyar kashe shi? Dalili biyu ne manya: domin a rage cin batir, da kuma domin wurare kamar cikin jirgin sama inda akan bukaci a kashe na'urori masu aika saƙon rediyo. Matsalar ita ce wuraren kashewar sun kai huɗu, kamar ɗakin ajiya mai ƙofa huɗu a jere. Ko ɗaya ce a kulle, ba shiga. Za mu bi su ɗaya ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

ƘOFA TA FARKO: MAƁALLIN JIKIN KWAMFUTA

Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a kawo su. Da yawa daga cikin tsofaffin, musamman irin Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na wajen 2010, suna da ɗan maɓalli da ake turawa gaba ko baya. A duba gefen dama, da gefen hagu, da bakin gaba. Za a ga an zana alamar eriya ko ƙananan bakuna masu kama da igiyar ruwa kusa da shi. A waɗansu, in an tura shi wajen kunnawa sai launin kore ya bayyana, in a kashe yake kuma a ga ja. Waɗansu irin HP suna da nasu maɓallin a saman jerin haruffa, kusa da na kunna kwamfuta. Sababbin kwamfutoci galibi ba su da wannan maɓalli sam, saboda haka wanda ya duba bai gani ba kada ya damu, sai ya wuce gaba.

ƘOFA TA BIYU: MADANNAN SAMA

A jeri na sama na madannai akwai F1 har zuwa F12. A dube su da kyau a wuri mai haske. A kan ɗayansu za a ga zanen eriya ko na ɗan jirgin sama. Wannan shi ne madannin da muke nema. A ƙasa ta hagu kuma akwai wani da aka rubuta Fn. A danne Fn a riƙe, sa'an nan a taɓa wancan sau ɗaya, a saki, a jira kamar daƙiƙa goma.

Kowane kamfani da inda ya sa nasa. A HP sau da yawa F12 ne, yana ma da 'yar fitila a kansa: in ta nuna ruwan lemo a kashe yake, in ta nuna fari ko shuɗi a kunne yake. A Asus da tsofaffin Dell akan same shi a F2, a waɗansu Dell kuma a kan madannin PrtScr. A Acer galibi F3 ne, a Toshiba F8, a tsofaffin ThinkPad F5. Amma kada a haddace wannan kamar karatun aji, gama ko a kamfani ɗaya samfuri yakan bambanta. Zanen da ke kan madannin shi ne abin dogara. Waɗansu kwamfutoci kuma ba su bukatar Fn, taɓa madannin kaɗai ya isa. In an gwada da Fn bai yi ba, a gwada ba tare da shi ba.

Gargaɗi ɗaya: madannin nan shi ne na kunnawa, shi ne kuma na kashewa. Mai gaggawa yakan danna sau biyu, ya kunna ya sake kashewa, sa'an nan ya ce bai yi ba.

ƘOFA TA UKU: CIKIN WINDOWS

Yanzu a dubi kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo. Alamar da ke wurin tana faɗin halin da ake ciki. In an ga bakuna masu kama da mafici, Wi-Fi yana haɗe. In an ga ƙwallon duniya, babu intanet. In an ga ɗan jirgin sama, to, an sa kwamfutar a yanayin jirgi, wanda yake rufe Wi-Fi da Bluetooth gaba ɗaya. Yara masu wasa da kwamfutar gida sukan danna wannan ba da sani ba.

A Windows 10, a danna alamar, za a ga ƙananan akwatuna a ƙasa. A tabbata wanda aka rubuta “Airplane mode” a kashe yake, wanda aka rubuta “Wi-Fi” kuma ya yi launi. A Windows 11, wanda ya fito a 2021, a danna madanni mai tambarin Windows tare da harafin A, akwatunan za su fito. A kunna na Wi-Fi, sa'an nan a danna 'yar kibiyar da ke gefensa domin a ga sunayen hanyoyin da ke kusa. Wata hanya kuma ita ce a danna tambarin Windows tare da harafin I, a shiga “Network & Internet”, a kunna daga can.

In ba a ga akwatin Wi-Fi ba ko kaɗan, mai yiwuwa an dakatar da katin ne. A danna tambarin Windows tare da R, a rubuta ncpa.cpl, a danna Enter. In hoton Wi-Fi ya yi toka-toka, an rubuta “Disabled” a ƙarƙashinsa, a danna shi da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi “Enable”. Wannan hanya tana aiki har a Windows 7.

Masu MacBook kuwa tasu alamar tana sama ta dama, a nan ake kunnawa da kashewa.

ƘOFA TA HUƊU: DIREBA DA SAITIN CIKI

Kowane sashe na kwamfuta yana da wata 'yar manhaja mai yi masa tafinta da Windows. Ita ake kira direba. Sau da yawa in an kai kwamfuta an goge ta an sa sabon Windows, akan manta da direban Wi-Fi. Domin a bincika, a danna tambarin Windows tare da X, a zaɓi “Device Manager”, a buɗe “Network adapters”. A nemi suna mai ɗauke da Wireless, ko WLAN, ko Wi-Fi, ko 802.11. In akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa a kansa, an dakatar da shi ne, sai a kunna kamar yadda muka faɗa a sama. In akwai alama rawaya mai kusurwa uku, direban ne ke da matsala.

A nan mutum zai tambaya, yaya zan sauko da direba alhali ba ni da intanet? Amsar tana aljihunsa. A haɗa waya da kwamfutar da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, a shiga saitin wayar a kunna “USB tethering”. Kwamfutar za ta sami intanet ta igiyar. Daga nan a bar Windows ya nemo direban, ko a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Kada a ɗauko daga shafin da ba a sani ba, gama ta nan cutar kwamfuta take shiga.

Akwai kuma saitin can ciki da ake kira BIOS, inda ma'aikatar da ta fara mallakar kwamfutar take iya rufe Wi-Fi. Ana shiga ne daidai lokacin kunna kwamfuta, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. Muna roƙon ɗalibai kada su shiga nan sai tare da malami, domin kuskure a wurin yana iya hana kwamfuta tashi. In duk an bi waɗannan ba a dace ba, wataƙila katin ne ya mutu. Ko a hakan ba a jefar da kwamfuta. Akwai ɗan kati mai kama da filashi da ake sakawa a ramin USB, yana yin aikin daidai, kuɗinsa kuma bai kai ko kusa da na sabuwar kwamfuta ba.

BAYAN AN KUNNA

A zaɓi sunan hanyar da ake so, a danna “Connect”, a rubuta kalmar sirri. Ba ta kasa haruffa 8, tana kuma bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka a duba ko fitilar Caps Lock tana kunne. Abubuwa uku sukan ruɗa mutane a nan. Na ɗaya, in tsohuwar kwamfuta ba ta ganin hotsifot na sabuwar waya, sau da yawa wayar tana kan gigahaz 5 ne, katin kuwa 2.4 kaɗai ya sani. A canja zangon a saitin wayar. Na biyu, in an haɗu amma shafuna suna ƙin buɗewa da gargaɗin tsaro, a dubi kwanan wata da agogo. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci yakan mutu a tsofaffin kwamfutoci, sai su koma shekarun baya. Na uku, in data tana ƙarewa kamar ana zuba ruwa a kwando, a shiga bayanin hanyar a kunna “Metered connection”, domin Windows ya rage sauko da manyan abubuwa a ɓoye.

Ya kamata kuma a sani, kamfanin Microsoft ya daina gyaran tsaro na Windows 7 a Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Mai irin waɗannan sai ya yi hattara wajen shiga asusun banki da su, ya nemi shawara a kan sabuntawa.

KALMAR ƘARSHE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ba kowane ɗalibi, da sakataren ikkilisiya, da ma'ajin zumuntar mata shawara, yau ɗin nan su ɗauki kwamfutar da ke hannunsu, su nemo inda maɓallinta yake, su kashe su kunna har hannu ya saba. A rubuta abin da aka gano a 'yar takarda a manna a ƙasanta domin wanda zai yi aiki da ita gobe.

Kayan makaranta da na ikkilisiya da baikon jama'a aka saye su, amana ce a hannunmu. Kuɗin da muka kashe a kan mota da gyaran minti ɗaya zai sayi alli na makonni. Haka nan in ƙofar ta buɗe, sai mu kula da abin da muke shigo da shi ta cikinta. Kada mu shiga hanyar maƙwabci ba da izininsa ba, kada kuma mu ɓata lokacin karatu a kan abin da ba zai gina mu ba. Wanda ya koya kuwa ya koya wa ɗan'uwansa kyauta.

Ga 'yan aji shida masu barinmu, muna yi muku addu'a Ubangiji ya bishe ku a duk inda kuka sa gaba. Allah ya kai mu shekara mai zuwa lafiya. Amin.