Dakoro: yaya ɗan Katolika ke gane kiran Allah?

A Dakoro Kirista ƙalilan ne cikin Musulmi, kuma ƴan Katolikansu suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi, kujerar da aka kafa a 2001. Koyarwarsu ba ta ce a zauna jiran murya daga sama ba. Ana sauraron kira cikin addu'a, karatun Linjila da buƙatar maƙwabci, sannan fada ya taya mutum tantancewa, wani lokaci har shekaru, don son rai ma yakan yi kama da kira. Aure ma kira ne a wurinsu.

Wasu kuwa kiran yakan raba su da gida. Marie-Catherine Kingbo ta baro Senegal, ta kafa ƙungiyar mata masu zuhudu a Maraɗi a 2006, suna ciyar da yara masu tamowa, suna yaƙi da auren wuri.