Gano Cuta Kafin Magani: Matsalolin Kayan Kwamfuta, Direbobi da Ɗora Babbar Manhaja

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami ɗalibin da zai kammala karatun jami'a ba tare da ya damƙa wa kwamfuta amanar kundin bincikensa ba. Waƙoƙin da ya naɗo, da hirarrakin da ya yi da dattawa, da babi-babin da malami ya riga ya duba, duk suna kwance cikin na'ura guda. To amma ranar da na'urar nan ta ƙi tashi, shawarar farko da akan ji ita ce a kai ta a yi mata fomatin, wato a shafe faifanta ƙaƙaf a sake ɗora manhaja. Ta wannan hanya aikin shekara guda yakan salwanta, alhali sau da yawa cutar tana wani wuri dabam. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kwamfuta hawa-hawa ce, kowane hawa da irin cutarsa da alamominta, kuma wanda ya iya karanta alamomin zai san abin da ya kamata a taɓa da wanda ya kamata a bari.

2.0 Hawa Uku na Kwamfuta

Hawa na farko shi ne kayan jiki, wato duk abin da hannu zai iya taɓawa: babban allo, da ƙwaƙwalwa mai sarrafa lissafi, da ram wanda ke riƙe aiki muddin akwai wuta, da faifan ajiya wanda ke riƙe shi ko an kashe, da batir, da fanka. Hawa na sama shi ne babbar manhaja, irin su Windows da Linux, wadda ke shugabantar sauran manhajoji. A tsakaninsu kuma akwai direba. Shi direba 'yar ƙaramar manhaja ce mai aikin tafinta. Babbar manhaja ba ta jin yaren firinta ko na lasifika, sai direba ya karɓi umarni daga gare ta ya juya shi zuwa abin da wannan na'ura ke ganewa.

Ita kwamfuta bi da bi take farkawa. Da an danna makunni, wata manhaja da ke dashe a babban allo, wadda ake kira Bayos tun zamanin kwamfutar IBM ta 1981, kuma magajinta a yau shi ne UEFI, za ta fara ƙidaya kayan jiki. In ta same su lafiya, sai ta nemo babbar manhaja a faifai ta miƙa mata ragama, ita kuma ta tayar da direbobi. Saboda haka tambayar farko ga mai gyara ita ce: a wane mataki tafiyar ta tsaya?

3.0 Cututtukan Kayan Jiki

Idan aka danna makunni ba a ga fitila ba, ba a ji motsin fanka ba, to maganar wuta ce. Sai a gwada wata caja da wani soket kafin a zargi babban allo. Idan kuwa fanka na juyawa amma fuskar kwamfuta ta tsaya baƙa, ko aka ji tana ƙara a jere, ko fitilarta na ƙiftawa, wannan saƙo ne daga Bayos cewa wani abu ya gaza. Kowane kamfani da ma'anar da ya ba adadin ƙarar, don haka littafin na'urar ne zai fassara ta. Mafi yawan abin da akan fara dubawa shi ne ram: a cire wuta, a zare shi, a goge bakinsa, a mayar da shi ya zauna daram. Fomatin ba shi da abin yi a nan, domin tafiya ba ta ma iso wurin babbar manhaja ba.

Kwamfutar da ke aiki na ɗan lokaci sannan ta mutu farat ɗaya, galibi zafi ne ya yi mata yawa, ta kashe kanta don kada ƙwaƙwalwa ta ƙone. Ƙurar hunturu takan toshe ƙofofin iska, ɗora ta a kan katifa ma haka. Wadda kuma ke mance kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, ɗan batirin da ke kan babban allo ne ya ƙare. A kwamfutocin tebur yawanci CR2032 ne, mai ƙarfin bolt 3, fadinsa kamar kwabo. Alama mafi haɗari ita ce ƙarar ƙas-ƙas daga faifai mai juyawa. Wanda ya ji ta, ya daina komai ya kwashe ayyukansa, domin kowane kunnawa na iya zama na ƙarshe.

4.0 Cututtukan Direba

Idan Windows ta buɗe lafiya amma abu guda ya ƙi aiki, misali sauti ya ɗauke, ko intanet ya ɓace, ko firinta ta yi shiru, to a fara zargin tafinta. A sashen da Windows ta sa wa suna Device Manager akan ga jerin kayan jiki duka, kuma wanda direbansa ke da matsala yana ɗauke da alamar ruwan ɗorawa mai kusurwa uku. Lamba 28 tana nufin ba a ɗora direba ba sam, lamba 10 na'urar ta kasa tashi, lamba 43 kuwa Windows ce ta tsayar da ita saboda ta kai ƙarar matsala. Ko da ba a san sunan na'urar ba, tana da lambar shaida: 8086 na kamfanin Intel ne, 10EC na Realtek, 10DE na Nvidia. Da wannan lamba ake nemo direban da ya dace daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, wanda ya fi aminci a kan direbobin da ake tsinta barkatai.

Girman haɗarin direba ya bayyana ga duniya ranar 19 ga Yuli, 2024. A ranar ce kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan fayil mai kuskure. Direban kamfanin, wanda ke aiki a can cikin zuciyar Windows, ya karanta fayil ɗin ya tuntsure, ya ja babbar manhaja suka faɗi tare. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori kimanin miliyan 8.5 abin ya shafa. An soke tashin dubban jiragen sama, aiki ya tsaya a bankuna da asibitoci da dama. Duk da haka maganin bai wuce a tayar da kwamfuta a yanayin da ake kira Safe Mode ba, inda take tashi da direbobi kaɗan na dole, sannan a goge fayil ɗin nan guda. Darasin a fili yake: shuɗiyar fuskar nan mai ban tsoro, wadda a 2025 aka mayar baƙa a sababbin fitowar Windows 11, takan rubuta lambar kuskure, wani lokaci har da sunan direban da ya jawo shi. Kamata ya yi a kwafe rubutun kafin a kashe.

5.0 Matsalolin Ɗora Babbar Manhaja

Akwai lokacin da sake ɗora manhaja ya zama dole. Kafin a fara, sharaɗi na farko shi ne kwashe ayyuka. Ko Windows ta ƙi buɗewa, ana iya tayar da kwamfuta daga filashi mai ɗauke da Ubuntu ba tare da an ɗora ta ba, a kwafe fayiloli zuwa wani faifai. Wannan gwaji yana da fa'ida ta biyu: idan sauti da intanet suka yi aiki a ƙarƙashin Ubuntu, an wanke kayan jiki daga zargi ke nan. Sai dai idan faifan a kulle yake da BitLocker, ba zai buɗu ba sai da mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda ya kamata mai kwamfuta ya adana tun tana lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Cikas uku ne suka fi addabar masu ɗorawa. Na farko, manhajar ɗorawa ta ce ba za ta zauna a wannan faifai ba. Dalili shi ne tsarin raba faifai iri biyu ne. Tsohon tsari, MBR, wanda ya fito a 1983, manyan ɓangarori 4 kawai yake ɗauka, kuma ba ya amfani da abin da ya haura terabayit 2. Sabon tsari, GPT, yana ɗaukar ɓangarori har 128 a Windows. Idan an tayar da filashi ta hanyar UEFI, GPT ake bukata, idan kuma ta tsohuwar hanyar Bayos ce, MBR. Sau da yawa sauya hanyar tashi ya wadatar, ba sai an shafe faifai ba.

Na biyu, a iso wurin zaɓen faifai a tarar da jerin fayau. Mutane da yawa sukan yanke hukunci cewa faifai ya mutu. A kwamfutocin tafi-da-gidanka da dama masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na 11 zuwa sama, direban faifan ne babu a cikin manhajar ɗorawa. Da an sa direban Intel RST a filashi an nuna mata shi, faifan zai bayyana.

Na uku ya shafi tsofaffin kwamfutoci na hannu, waɗanda su ne akasarin ɗalibai ke iya saya. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, tana bukatar ram gigabayit 4, da faifai gigabayit 64, da UEFI, da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma ba ta amince da yawancin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na 8 ba. Wani lokaci TPM na nan, a kashe kawai yake cikin saitin UEFI. Ita kuwa Windows 10 ta 2015, tallafinta na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka mai sayen kwamfuta ya binciki waɗannan sharuɗɗa kafin ya biya, wanda kuma tasa ta gaza cika su yana iya komawa ga Linux.

6.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga mai rubutun Hausa, wadda kan biyo bayan sake ɗora manhaja. Sai a buɗe kundi a tarar ɓ da ɗ da ƙ sun rikiɗe. Asalin abin shi ne tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kawai gare shi, babu haruffan nan a ciki. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun ƙirƙiro zubin haruffa na musamman don cike giɓin. Rubutun da aka yi da irin wannan zubi yana dogara ne da kasancewarsa a cikin kwamfuta, fomatin kuwa yakan tafi da shi. Da an mayar da zubin, rubutu zai dawo. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, alal misali 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ, da 01B4 ga ƴ ta rubutun Nijar. Idan ƙananan akwatuna suka fito a gurbinsu, zubin da aka zaɓa ne ba shi da zanensu, sauya shi ya isa. Amma idan an adana fayil a tsarin da bai san su ba har suka koma alamar tambaya, sun tafi ke nan, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Rigakafin shi ne a kunna tsarin madannai na Hausa da ke cikin Windows, a riƙa adanawa da UTF-8.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa matakin da kwamfuta ta tsaya shi ke nuna inda cutar take. Wadda ba ta nuna komai ba, a duba wuta da ram. Wadda ta buɗe amma gaɓa ɗaya ta ƙi aiki, a duba direba. Wadda ta ƙi karɓar sabuwar manhaja, a duba tsarin faifai da saitin UEFI. A kowane hali a sauya abu guda a gwada kafin a taɓa na biyu, a kuma tuna abin da aka ɗora ko aka jona na ƙarshe kafin matsala ta fara. Fomatin shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai kundi yana ajiye a wuri biyu dabam da kwamfutar. Na'ura in ta lalace akwai wata a kasuwa, amma hirar da aka naɗa da dattijon da ya riga ya kwanta dama ba ta da madadi.