Bindigar toka da takardar izini: abin da doka ta ce

Tun bayan kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, muhawara ba ta lafa ba a zaurukanmu na WhatsApp. Daga Fatakwal suka taso za su Kano yin Sallah, ’yan banga suka ga bindigogin toka a motarsu. Wasu na cewa kowa ya nemi tasa kawai, wasu na cewa riƙe ta ma laifi ne.

To, dokar makamai ta 1959 ta kasa bindiga kashi uku. Irin su AK-47 sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini, shekara 10 ce mafi ƙaranci. Bindigar harsashi ta farauta, irin mai baki biyu, Sufeto Janar na ’yan sanda ke ba da lasisinta. Ta toka kuwa, wadda ake ɗurawa ta baki, tana hannun kwamishinan ’yan sanda na jiha.

Matsalar ita ce, takarda ɗan sanda take wa magana. Na sha bin tirelar shanun babana zuwa kudu, kuma yawancin masu tare hanya da dare ba ’yan sanda ba ne. Kafin ka zaro takarda, wani ya ɗauki bidiyo ya rubuta “masu garkuwa” ya watsa, jama’a sun taru.

Shi ya sa babana ko adda ba ya bari a ajiye a gaban mota. Lambar sarkin Hausawan kowane garin da za mu ratsa kuwa tana cikin wayar direba tun kafin a loda shanu.