Mizanin Maki da Nauyin Darussa Wajen Sauya Makaranta a Amurka

A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun daga shekarar 1960 da hukuma ta shimfiɗa babban tsarin ilmi mai zurfi, wanda shugaban Jami'ar Kalifoniya na wancan zamani, Clark Kerr, yake cikin manyan masu tsara shi, an buɗe wa ɗan talaka wata ƙofa mai albarka, wato ya yi shekara biyu a kwalejin al'umma da ke kusa da gidansu, inda karatu ba shi da tsada, sa'an nan ya nemi shiga aji uku na jami'a. Al'amarin yana kama da yadda masu takardar NCE ko difloma ke shiga jami'o'inmu ta hannun JAMB, ko da yake ƙa'idojin sun sha bamban.

Sharaɗin Jami'ar Kalifoniya a bayyane yake: yunit 60 na darussan da ta amince da su, da matsakaicin makin da bai gaza 2.4 cikin 4.0 ba ga ɗan jiha, ko 2.8 ga baƙo. Amma wannan bakin ƙofa ne kurum, domin a rassa irin na Berkeley da Los Angeles masu nema sun yi yawa ƙwarai, har ya zamanto wanda ya tsaya a kan wannan adadi da wuya a waiwaye shi.

To, a nan ne mas'alar take. Wanda ya ɗauki yunit 15 kowane zango zai gama cikin zango huɗu; wanda ya tsaya a 12, alhali shi ma a idon hukuma cikakken ɗalibi ne, sai ya yi biyar. Sau da yawa ɗalibi mai himma yakan lodi darussa fiye da ƙarfinsa don ya nuna ƙwazo, ya haɗa lissafi mai zurfi da kimiyyar sinadarai da rubutun Turanci a zango guda, ga kuma aikin dare a kanti, har makinsa ya faɗi. Kuma maki idan ya shiga takarda, gyaransa yana da wuya, saɓanin darasin da aka janye daga gare shi a kan lokaci, wanda harafin W kaɗai yake bari, ba ya shiga lissafi. Wani kuma yakan bi ta ɗaya gefen, ya tara darussa masu sauƙi don makinsa ya yi kyau, ya manta cewa masu duba takardu sukan fara neman darussan share fage na fannin da yake so; mai neman injiniya da bai yi lissafi ba, kyawun makinsa ba zai cece shi ba.

A ganina abin da ya kamata a auna shi ne ingancin darussan da aka ɗauka da makin da aka samu a cikinsu, yawansu kuwa ya biyo baya. Kuma adalci ya wajabta a tuna cewa da yawa daga ɗaliban waɗannan kwalejoji magidanta ne da iyaye mata masu neman abinci da rana, waɗanda ƙarancin darussansu lalura ce ta jawo shi, ba kasala ba. Takardar neman shiga tana da gurbin da mutum zai bayyana uzurinsa, kuma rassa shida, ciki har da Davis da Irvine, suna da yarjejeniyar tabbatar da gurbi ga ɗalibin kwalejin al'umma ta jihar da ya cika darussan da aka gindaya masa da makin da aka ƙayyade.